Darasi na Tara: Fansho da Garatutin Ma'aikatan Gwamnati a Jigawa

Manufar darasi

Bayan wannan darasi ana so ɗalibi ya san wanda doka ta ba haƙƙin fansho, ya bambance tsarin Jihar Jigawa da na Gwamnatin Tarayya, ya iya lissafin abin da ake cira daga albashi, ya kuma san takardun da ake nema idan ritaya ta zo ko an yi rasuwa.

Fansho da garatuti

A Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, da wuya ka samu dangin da babu mai cin albashin gwamnati a cikinsu: ko ɗa malamin firamare, ko ƙanwa ma'aikaciyar asibiti, ko uba tsohon masinja a sakatariyar ƙaramar hukuma. Shi ya sa wannan darasi ya shafi manomi da ɗan kasuwa da matar aure kamar yadda ya shafi ma'aikaci. Ranar da ma'aikaci ya kwanta ciwo ko ya riga mu gidan gaskiya, iyalinsa ne ke bin sawun haƙƙinsa daga ofis zuwa ofis, kuma wanda bai san hanya ba shi ya fi shan wahala.

Fansho shi ne kuɗin da ake biyan ma'aikaci duk wata bayan ya ajiye aiki. Garatuti kuwa dunƙulallen kuɗi ne da ake ba shi sau ɗaya lokacin da ya yi ritaya, wanda wasu ke kira kuɗin sallama. Dukansu guminsa ne, wani yanki na ladan aikinsa da aka jinkirta biya zuwa lokacin da ƙarfi zai ƙare. A riƙe wannan da kyau, domin har yanzu akwai dattawan da ke zuwa karɓar haƙƙinsu a sunkuye suna neman alfarma, akwai kuma jami'an da ke yi musu kallon masu neman alfarmar.

Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya kare wannan haƙƙi. Sashe na 173 ya yi magana a kan ma'aikatan tarayya, Sashe na 210 a kan na jihohi, kuma abu guda suka faɗa. Ba a riƙe wa mutum fansho ko garatutin da ya cancanta, ba a kuma sauya shi ta yadda zai cutu, sai iyakar abin da doka ta yarda. A riƙa duba fansho duk shekara 5, ko duk lokacin da aka sake duba albashin ma'aikata, wanda ya riga zuwa. Sannan ba a ɗora wa fansho haraji. Sharaɗin duba fanshon nan shi gwamnatoci suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, kuma shi ne dalilin da 'yan fansho ke ɗaga murya duk lokacin da aka ƙara mafi ƙarancin albashi, kamar yadda aka mayar da shi naira 70,000 a 2024.

Dokar fansho ta farko a ƙasar nan Turawan mulkin mallaka suka yi ta a 1951. Sojoji suka zo da Doka ta 102 a 1979, wadda aka daɗe ana aiki da ita. A ƙarƙashinta ba a cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci. Gwamnati ce ke ware kuɗin a kasafin kowace shekara, idan kuma kasafi ya gaza sai tsoho ya jira. Zuwa 2004 an ƙiyasta bashin fanshon da ke wuyan gwamnati ya kai kusan naira tiriliyan 2. Wannan ne ya tilasta a sake tsari, aka koma ga tara kuɗin tun ma'aikaci yana bakin aiki.

Wa ya cancanta?

Tambaya ta farko ita ce: wane irin aiki aka ɗauke ka? Wanda fanshon gwamnati ya hau kansa shi ne wanda aka ɗauka aiki na dindindin mai fansho, aka ba shi takardar ɗaukar aiki, daga baya aka tabbatar da shi. Ba a duba girman muƙami. Mai gadi da mai shara da direba da babban sakatare duk a layi ɗaya suke, muddin irin wannan takarda ce a hannunsu.

Akwai mutane da yawa da ke karɓar kuɗi daga gwamnati duk wata amma ba sa cikin wannan layi. Ma'aikacin wucin gadi da ake biya alawus ba ya ciki. Wanda aka ɗauka kwantiragi na shekara ɗaya ko biyu ba ya ciki, sai abin da aka rubuta a kwantiraginsa. Matasan da suka yi aiki a shirin N-Power na tarayya, da masu koyarwa a shirin J-Teach na jiha, alawus suke karɓa, kuma fansho ba ya hawa kansu sai an mayar da su ma'aikatan dindindin. Kansila da mai ba gwamna shawara da sauran masu muƙaman siyasa tanadinsu daban ne. Haka kuma tallafin naira 7,000 a wata da gwamnatin Sule Lamido ta fara ba masu buƙata ta musamman a 2007 taimako ne na jin ƙai, hanyarsa daban da ta fansho.

Abin takaici ne a ga mutum ya shekara 15 yana share ofis ko gadin makaranta, yana zaton yana tara fansho, sai ranar da ƙarfinsa ya ƙare ya gano sunansa bai taɓa shiga jerin ma'aikatan dindindin ba. Duk wanda ke shakkar matsayinsa ya nemi wanda zai karanta masa takardar ɗaukarsa aiki tun yanzu, ya kuma duba takardar albashinsa ya ga ko ana cirar kuɗin fansho.

Tambaya ta biyu ita ce yadda mutum ya bar aiki. Wanda ya kai wa'adi, da wanda likitoci suka tabbatar rashin lafiya ta hana shi ci gaba, da wanda aka yi wa ritayar dole saboda an rushe ofishinsa, duk suna da haƙƙi gwargwadon shekarunsu. Amma ƙa'idojin aikin gwamnati sun tsananta a kan wanda aka kora saboda babban laifi, yana iya rasa haƙƙoƙinsa na ritaya. Wanda kuma ya gudu ya bar aiki ba tare da takarda ba, kansa ya cuta.

Yaushe ake ritaya?

Ƙa'idar da aka fi sani ita ce shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki, wanda ya riga cika. Mu ɗauki misali. Wata malamar asibiti an haife ta a 1970, ta kama aiki a 1992. Za ta cika shekara 35 a aiki a 2027, za ta cika 60 da haihuwa a 2030. Ke nan a 2027 za ta ajiye aiki tana da shekara 57. Wani kuma an haife shi a 1968 amma bai samu aiki ba sai 2005. Shi a 2028 zai tafi, da shekara 23 kacal a aiki, kuma abin da zai samu ba zai kai na malamar nan ba ko da albashinsu ɗaya.

Wasu ayyuka suna da nasu wa'adin. Farfesoshin jami'a suna kaiwa shekara 70. A 2022 aka sa hannu a dokar tarayya da ta ƙara wa malaman makaranta wa'adi zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a aiki. Malamin da ke ƙarƙashin jiha ko ƙaramar hukuma ya tabbatar daga hukumarsa wane wa'adi ake aiki da shi a kansa kafin ya yi lissafi.

Tsarin Jihar Jigawa

Ga inda mutane suka fi rikicewa. Maƙwabta biyu na iya zama a unguwa ɗaya a Dutse, ɗaya yana aiki a ma'aikatar gona ta jiha, ɗayan a Jami'ar Tarayya ta Dutse. Kowannensu ana cirar masa kashi 8 cikin 100 na albashi da sunan fansho, amma inda kuɗinsu ke zuwa da yadda za a biya su ba ɗaya ba ne. Na jiha hatsinsa yana shiga babban rumbu ne na kowa da kowa, a auna masa rabonsa da mudun da doka ta yanke. Na tarayya kuwa rumbunsa nasa ne shi kaɗai, abin da ya taru a ciki shi zai ci.

An ƙirƙiro Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, ta gaji ma'aikata da nauyin fanshonsu. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, jihar ta kafa nata tsarin da aka fi sani da adashen gata. Hukumar da ke kula da shi tana da ofishinta a Gidan Fansho da ke Dutse, kuma ta haɗa rukuni uku: ma'aikatan jiha, ma'aikatan ƙananan hukumomi 27, da ma'aikatan hukumomin ilimi na ƙananan hukumomi, waɗanda akasarinsu malaman firamare ne.

Duk wata ana cirar kashi 8 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, gwamnati ta ƙara kashi 17, a haɗa kashi 25 a zuba a asusu. Idan albashin da ake lissafi a kai naira 100,000 ne, ma'aikaci ya ba da 8,000, gwamnati ta ba da 17,000, jimla 25,000 a wata, wato 300,000 a shekara. Kuɗin ba a barinsu a kwance. Ana miƙa wa kamfanonin kula da kuɗin fansho masu lasisi su juya su, ribar ta koma asusu.

Abin da ya bambanta wannan tsari shi ne, ranar ritaya ba a tambayar nawa ka tara. Shekarunka na aiki da albashinka na ƙarshe ake dubawa. Don a fahimci yadda irin wannan lissafi ke tafiya, bari mu yi amfani da jadawalin tsohon tsarin tarayya, wanda tsofaffin ma'aikata da yawa suka haddace. A jadawalin nan, wanda ya shekara 5 yana da garatuti amma ba shi da fansho. Fansho yana farawa ne daga shekara 10, da kashi 30 cikin 100 na albashin ƙarshe, garatuti kuma daidai da albashin shekara guda. Daga nan kowace shekara tana ƙara kashi 2 a fansho da kashi 8 a garatuti, har a kai shekara 35, inda fansho ke tsayawa a kashi 80, garatuti kuma a kashi 300, wato albashin shekara uku.

A gwada da mai albashin naira 1,200,000 a shekara. Idan ya cika shekara 35, garatutinsa 3,600,000, fanshonsa 960,000 a shekara, wato 80,000 a wata. Idan a shekara 20 ya tsaya, garatutinsa kashi 180 ne, wato 2,160,000, fanshonsa kuma kashi 50, wato 50,000 a wata. Ma'aikacin jiha ya nemi jadawalin da hukumar fansho ta Jigawa ke aiki da shi ya yi wa kansa irin wannan lissafi. Daga misalin nan za a ga dalilin da ya sa ƙarin girma yake da nauyi. Matakin albashin da mutum ya yi ritaya a kai shi zai bi shi har ƙarshen rayuwarsa, saboda haka ƙarin girman da ya maƙale a fayil a bi shi a fito da shi kafin a bar ofis.

Idan hukumar ta tashi biya, kashi huɗu take kasa masu karɓa. Akwai waɗanda suka yi ritaya, a ba su garatuti su kuma shiga jerin fanshon wata-wata. Akwai magadan waɗanda suka rasu a bakin aiki. Akwai magadan waɗanda suka yi ritaya suka fara karɓar fansho amma suka rasu kafin su cika shekara 5. Sannan akwai waɗanda suka bar aiki ba su kai shekarun da doka ta gindaya ba, su kuma ana mayar musu da kashi 8 ɗin da aka riƙa cira daga albashinsu.

Wannan tsari ya yi suna, har jihohi da dama sun aiko da tawagogi Dutse don su ga yadda ake tafiyar da shi. A ganina ya fi kwantar wa ƙaramin ma'aikaci da hankali, domin ya san abin da zai samu tun kafin ya bar aiki, kuma fanshonsa ba ya ƙarewa sai ransa ya ƙare. Amma yana da inda yake da rauni. Tun da asusun na kowa ne, lafiyarsa ta dogara da abu biyu: gwamnati ta riƙa zuba nata kason da wanda ta cira daga albashi a kan kari, sannan masu zubawa su rinjayi masu karɓa. Idan aka daɗe ba a ɗauki sababbin ma'aikata ba alhali tsofaffi na ta fita, abin da ke shiga sai ya kasa ɗaukar abin da ke fita. Jigawa ta ɗanɗani wannan, har gwamnatin Malam Umar Namadi, wadda ta hau a 2023, ta tallafa wa asusun da ƙarin kuɗi don a biya masu jira. Kano ma irin wannan tsari take bi tun 2006, amma a 2023 gwamnatin jihar ta ce ta tarar da bashin garatuti da haƙƙin mamata na kimanin naira biliyan 48. Doka mai kyau ba ta biyan kowa idan ba a zuba kuɗi ba, kuma aikin ƙungiyar ƙwadago da ta 'yan fansho ne su sa ido a kan zubin kowane wata.

Tsarin Gwamnatin Tarayya

Ma'aikatan Jami'ar Tarayya ta Dutse, da na Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, da 'yan sanda da jami'an kwastan da na shige da fice, ba ruwansu da Gidan Fansho na Dutse. Su suna ƙarƙashin Dokar Gyaran Fansho ta 2004, wadda Shugaba Olusegun Obasanjo ya sa wa hannu, aka kuma sabunta ta a 2014 zamanin Shugaba Goodluck Jonathan. Hukumar Fansho ta Ƙasa, PenCom, ita ke sa ido. Dokar ta kuma hau kan kamfanoni masu zaman kansu da ke da ma'aikata 15 ko fiye.

A nan kowane ma'aikaci yana buɗe asusun ajiyar ritaya da sunansa a kamfanin fanshon da ya zaɓa, a ba shi lamba tasa. Da farko kashi 7.5 ma'aikaci ke bayarwa, mai ɗaukar aiki ma 7.5. Dokar 2014 ta mayar da shi aƙalla kashi 8 daga ma'aikaci da kashi 10 daga mai ɗaukar aiki. Mai albashin naira 100,000 ke nan ana zuba masa 18,000 a wata. Kamfanin fansho yana juya kuɗin ne kawai, amma ajiyarsu tana hannun wani kamfani daban. An raba aikin haka da gangan don kada mai juyawa ya zama shi ne mai riƙe da makulli.

Idan mutum ya yi ritaya kuma ya kai shekara 50, yana iya ɗaukar wani kaso a dunƙule, da sharaɗin abin da ya rage zai isa a riƙa biyansa. Sauran kuma zaɓi biyu ne. Ko ya bar kuɗin a kamfanin fansho a tsara masa cira wata-wata, idan ya rasu abin da ya saura na magadansa ne. Ko ya sayi inshorar da za ta riƙa biyansa har ƙarshen rayuwarsa, wadda ke da lamunin shekara 10, ta yadda idan ya rasu kafin su cika za a biya magada ragowar. Wannan zaɓi ne babba. Kada a sa hannu a kansa cikin gaggawa don wani wakilin kamfani ya matsa. A nemi a rubuta adadin da kowace hanya za ta bayar, a kai gida a yi shawara.

Akwai wasu ƙofofi da ma'aikata da yawa ba su san da su ba. Wanda ya rasa aiki kafin ya kai 50, kuma ya yi wata 4 bai samu wani ba, yana iya cirar kashi 25 na abin da ya tara. Tun Nuwamban 2020 ana iya sauya kamfanin fansho sau ɗaya a shekara idan ba a gamsu da aikinsa ba. Tun 2022 ana iya amfani da abin da bai wuce kashi 25 ba wajen biyan kason farko na sayen gidan zama ta hanyar lamuni. Ga wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da kuɗin ruwa ba, a 2021 aka buɗe wani rukunin asusu da ake kira asusu na shida, wanda ake juya kuɗinsa a harkokin da ba ruwa a ciki, irin su sukuk. Sai mutum ya nema da kansa a mayar da shi can.

Wanda ya fara aikin tarayya kafin 2004 yana bin gwamnati haƙƙin shekarun da ya yi a tsohon tsari. Ana lissafa shi a zuba masa a asusu lokacin ritaya, shi ya sa PenCom ke tantance masu shirin barin aiki tun kafin lokacinsu ya yi. Waɗanda suka yi ritaya a tsohon tsarin tarayya kuwa hukumar PTAD ce ke biyansu, wadda aka kafa a 2013. Sojoji da jami'an tsaron farin kaya an fitar da su daga tsarin asusun ajiyar ritaya, suna da nasu hukumomin.

Idan rasuwa ta zo

Mu koma kan lamunin shekara 5 na tsarin Jigawa, domin iyalai da yawa suna barin haƙƙinsu a nan saboda rashin sani. A ce dattijo yana karɓar naira 50,000 a wata, Allah ya karɓi ransa bayan shekara 2 da ritaya. Ya karɓi wata 24, saura wata 36 a cika shekara 5. Idan aka buga 36 sau 50,000, magadansa suna bin naira 1,800,000. Idan kuwa ya wuce shekara 5 kafin ya rasu, wannan kaso babu shi.

A tsarin tarayya, bayan abin da ke cikin asusun mamaci, doka ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikatansa inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Wanda ya rasu a bakin aiki, iyalinsa su tambayi wannan ma.

Wani kuskure da ke raba zumunci shi ne zaton wanda ma'aikaci ya rubuta a fom a matsayin makusancinsa shi ne mai kuɗin. Wannan suna na wanda za a tuntuɓa ne. Kuɗin gado ne, ana neman takardar kotu kafin a sake su, kuma ga Musulmi rabonsu yana bin hukuncin gado kamar gona da gida. Ƙanin mamaci ko babban ɗansa da ya karɓo ya riƙe, ya ci haƙƙin marayu da na matan mamaci. Wajibi ne kuma a sanar da hukuma rasuwar ɗan fansho. Ci gaba da cirar fanshonsa da katin banki bayan ya rasu laifi ne a doka, kuma daga asusun sauran tsofaffi ake ɗiba.

Takardu

Mafi yawan jinkirin da ke zuwa daga ɓangaren ma'aikaci, takarda ce ke jawo shi. Waɗanda aka fi nema su ne takardar ɗaukar aiki ta farko, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma na ƙarshe, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, takardar albashi ta watannin ƙarshe, takardar amincewa da ritaya, lambar NIN da bayanan asusun banki. Wanda ya taso daga ƙaramar hukuma ya koma jiha, ko daga jiha ya koma tarayya, ya adana takardar sauyin wurin aiki, domin ita ce shaidar shekarunsa na baya. Idan rasuwa ce, a ƙara da takardar shaidar mutuwa da ta kotu.

Abu biyu suka fi kawo cikas: suna da ranar haihuwa. A wurinmu mutum ɗaya na iya zama Muhammad a fayil, Mamman a banki, Muhammadu a katin ɗan ƙasa. Wani ya sa sunan garinsu a takarda ɗaya, sunan mahaifinsa a wata. Mace ta kama aiki da sunan mahaifinta, banki kuma ya san ta da na mijinta. Kwamfuta ba ta san duk mutum ɗaya ba ne. Ranar haihuwa kuwa, wadda aka rubuta ranar kama aiki ita hukuma ke riƙewa. Masu rage shekaru daga baya don su daɗe a ofis sukan jefa kansu cikin matsala, domin idan aka gano mutum ya zarce wa'adinsa ana iya cire albashin da ya ci na ƙarin lokacin daga haƙƙinsa.

Ɗan fansho ya halarci tantancewa duk lokacin da aka kira, don sunan wanda bai zo ba ana iya dakatar da shi. Idan ciwo ko tsufa ya hana shi fita, iyali su sanar da hukuma tun da wuri. Kada kuma a ba kowa lambar sirrin katin banki ko lambar da banki ke turowa a waya. 'Yan damfara sun san lokacin da ake biyan garatuti, sukan kira su ce daga ofishin fansho suke, za su hanzarta biya idan an ba su wani abu. Haƙƙin fansho ba a sayensa da cin hanci.

Wanda ba ya aikin gwamnati

Mafi yawan mutanen Miga da Buji da Gwaram manoma ne da makiyaya da masu sana'ar hannu, kuma babu fanshon gwamnati a kansu. Tun Maris ɗin 2019 aka buɗe musu hanya a ƙarƙashin PenCom. Tela ko ɗan acaɓa ko mai sayar da ƙosai da ya kai shekara 18 yana iya buɗe asusu a kamfanin fansho, ya riƙa zuba abin da ya sawwaƙa kullum ko mako-mako ko wata-wata. Wani kaso ana iya cirarsa idan buƙata ta taso, sauran yana jiran tsufa. A nan ba mai ƙara masa komai, abin da ya zuba da ribarsa shi ne nasa. Kafin a miƙa kuɗi a tabbatar kamfanin yana da lasisin PenCom.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin fansho da garatuti?
2. An haifi wani direba a 1972, ya kama aikin ƙaramar hukumar Jahun a 1995. A wace shekara zai yi ritaya, kuma me ya sa?
3. Albashin wata ma'aikaciyar jiha naira 80,000 ne. Nawa ake cira mata a wata, nawa gwamnati ke ƙarawa?
4. A jadawalin da muka yi misali da shi, kashi nawa ne fanshon wanda ya shekara 25 a aiki?
5. Wani ɗan fanshon jiha mai karɓar naira 40,000 a wata ya rasu bayan shekara 3 da ritaya. Nawa magadansa ke bi?
6. Ku tattauna a aji: tsakanin tsarin Jigawa da na tarayya, wanne kuke ganin ya fi dacewa da ƙaramin ma'aikaci? Kowa ya kawo hujjarsa.

Aikin gida

Kafin zama na gaba, kowa ya samu ma'aikaci ko ɗan fansho ɗaya a gidansu ko cikin danginsa. Ku zauna tare ku fito da takardar ɗaukarsa aiki da katinsa na ɗan ƙasa da takardar bankinsa, ku jera su ku duba ko suna da ranar haihuwa sun zo ɗaya a duka ukun. Idan kun ga saɓani, ku rubuta shi a littafinku ku zo da shi aji, malaminku zai nuna muku ofishin da ya kamata a fara zuwa.